Iskar Boulia da Injin Babur

Na tsaya a bakin gidan man Boulia, wani ɗan gari mai tsananin zafi a tsakiyar busasshen daji, sai ga wata mata durƙushe gaban tsohon jan babur irin na masu raba wasiƙu. Ta haura sittin, leɓɓanta duk sun tsattsage. Tana ɗaura wa injin ɗan lagireton sanyaya baƙin mai, tana murɗa noti kamar wuyan maƙiyi ta samu.

Merv, mai gidan man, ya leƙo daga cikin sanyin shagonsa.

"Haba baiwar Allah, ba komai fa! Ai wannan injin iska ce ke sanyaya shi."

"Wace iskar?" Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Fito ka sha ta mu gani."

Da ganin jarkokin ruwa da filayar da ke bayan babur ɗin, ina jin mai zagayen rijiyoyin shanu ce. Takalmanta kuwa sun cinye, cin da hawan babur ba ya yi. Da alama a wani wuri injin ya taɓa buga mata da tsakar rana, ta tako da ƙafa.

Ni ma sai raina ya ɓaci. A ƙasar nan "ba komai" ta fi fari kisa, kuma kullum mai faɗinta a inuwa yake.