Muryarta da Wutar Daynamo

Bayan rasuwar matata, abin da ya rage mini nata mai rai shi ne muryarta a wayata: saƙonnin da take turo mini idan na yi nisa, wani tana dariya, wani tana faɗa don na manta albasa. Na tashi da karatun littattafan soyayya, na ɗauka irin wannan abu ba ya mutuwa. Mahaifiyarta ta aiko daga Maraɗi, tana so ta ji ɗiyarta ko sau ɗaya. Na jona wayar a cajar mota, na kama hanya.

Tun daga Daddara nake jin wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. A Magama, dab da iyaka, na tsaya wurin wani mai gyaran wutar mota. Na faɗa masa zancen warin, ya ce:

"Malam, bar ta a kunne, yanzu mu gane ko daynamo na caji."

"Ba ka da mitar auna wuta?"

"Mita? Tun ba a haife ta ba nike aikin nan."

Gwajinsu ke nan: a cire kan batir injin yana aiki, in mota ba ta mutu ba, a ce daynamo lafiya. Ya cire, ba ta mutu ba. Ya taka totur yana murmushi. Rediyo ya yi shiru, ƙaurin roba ya cika motar.

Maƙwabcinsa ya zo da mita, ya mayar da kan batir, ya ɗora wayoyin mitar, ja da baƙa. Ya ce mota a kunne sha huɗu ya kamata ta nuna, ko kusa da haka. Tawa sha bakwai ta nuna.

"Wuta ta yi yawa, batir take dafawa, shi ne warin. Batir ɗin ke shanye ta. Da aka cire shi, ta bi ta kan duk abin da ke jone."

Wayata tana kan kujera jone da caja, da zafi, fuskarta baƙa. Mai gyaran waya a Jibiya ya buɗe ta, ya rufe, ya ce in yi haƙuri.

Na ƙetara iyaka a motar haya. Na tarar tsohuwar ta shimfiɗa tabarma, ta kashe rediyonta, ta gyara zama.

"Ɗana, kunna mini."

Na zauna. Na faɗa mata zancen albasar da muryata. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce ba haka ɗiyarta take faɗa ba.