Wandon Karam Din

Ranar da muka yi faɗa da Karam Din mai rini, hannuna na cikin tanderu ina manna gurasa. Na ɗago sai ga wani mutum tsaye a bakin rumfata cikin matsattsen wando irin na Turawa, kai babu rawani, sanƙo sai ƙyalli yake. Da hannu na gane shi, don duk garinmu na Jhang babu mai shuɗin hannu irin na Karam Din, wanda muke kira Karmu.

"Karmu, wa ya mutu?"

"Babu wanda ya mutu, Yaya Nuran. Birnin Lahor zan je ganin jikata."

"To ina rawanin? Ɓarayi suka tare ka?"

"Ɗana Tanwir ne ya aiko da kayan. Wai a unguwarsu masu gadi ba sa barin mai ɗaurin zane ya bi ta ƙofar gaba."

"Sai ya fito ƙofar baya ya gaida ubansa! Dubi ƙafafunka kamar na zalɓe. Ka durƙusa alwala mu gani, wandon nan sai ya tona maka asiri a gaban liman."

"Ke dai bakinki ya fi tanderunki zafi," in ji shi. "Marigayi mijinki hutu ya je nema."

Na jefe shi da tsumman manna gurasa, ya kauce, ya tafi yana tattale ƙafa. Ba mu sake gaisawa ba sai da aka girbe alkama.

Karam Din a bakin tukunyar rini aka haife shi, kamar ubansa. Duk gyalen amaryar da aka kai ɗaki a layinmu ta hannunsa ya bi, haka rawunan maza. Nasa rawanin kuwa sai ya sha sitaci, ya tayar masa da tukku kamar zankon zakara, ya ɗaura tahmad, zanen da mazanmu suke ɗaurawa, fari sol, ya fito yana taku ɗai-ɗai. Ga surutu. Daga hantsi zuwa la'asar bakinsa ba ya rufuwa: ko yana rera wa tukunya waƙa, ko yana tsokanar mai madara, ko yana ba yara labarin aljanin da ya auri 'yar mai jirgin ruwa. Cikin Fanjabi yake komai, harshen yankinmu, wanda uwarsa ta yi masa rarrashi da shi. Urdu kuwa, harshen makaranta da gwamnati, nasa na ciniki ne kawai, irin na "nawa" da "ya yi tsada".

Amma kada a ɗora wa Tanwir laifin duka. Ubansa ne ya fara. Tun yaron yana ƙarami ya dawo daga makaranta da shatar sanda a tafin hannu, wai an kama shi yana Fanjabi a aji. Maimakon Karmu ya je ya shaƙe malamin, sai ya dawo gida ya kafa wa matarsa Rajjo doka: daga yau Urdu za ki riƙa yi wa yaron nan. Baiwar Allah har ta koma ga Mahaliccinta tana yi wa ɗan cikinta magana kamar mai tauna tsakuwa. Na ce da shi, "Karmu, tsani kake kafa masa, kuma kai ne matakin ƙasa." Ya ce ni da ban taɓa zama a aji ba me na sani. Gaskiya ne, ban zauna ba. Amma ina da ido. Mai Turanci yana hararar mai Urdu, mai Urdu yana hararar mai Fanjabi, mai Fanjabi sai ya koma gida ya harari uwarsa.

Tanwir ya hau tsanin, ya sami aikin ofis a Lahor, ya auri Sadaf, 'yar gidan da ko karensu da Turanci ake kiransa. Suka haifi Mahnur. Ita ce Karmu ya sa wando dominta.

Abin da ya faru can, sai bayan mun shirya ya ba ni labari, yana zaune a gefen tanderu yana wasa da tsinke. Tun a mota ɗan ya roƙe shi alfarma.

"Baba, don Allah kada ka yi wa yarinyar Fanjabi. Makarantar da muke nema mata sai sun saurari bakin yaro kafin su ɗauke shi. In suka ji ƙauyanci a harshenta, shi ke nan."

"Ko waƙa?"

"Ko waƙa, Baba. Ka yi mini alkawari."

Ya yi. Kuma Karam Din mutum ne da in ya ce i, ko za a yanka shi ba ya komawa a'a. To da me zai yi mata magana? Ya tambaye ta farashin gyale? Sai ya zama kullum yana zaune a kujera mai laushi, hannuwa a ɓoye tsakanin cinyoyi don Sadaf ta ce shuɗin yana tsorata baƙi, yana yi wa jikarsa murmushi kamar hoton bango. Mutumin da ko tukunya ba ya bari ta huta da surutu! In abin ya cika masa ciki sai ya sulale bakin ƙofa wurin mai wanki, mutumin garin Chiniot mai jin Fanjabi kamarsa, su zazzage hira.

Haka aka yi ta yi, shekara da shekaru, duk zuwa da wandonsa. Rannan, yarinyar ta isa shiga aji, ta leƙo ta same shi yana ƙyaƙyata dariya da mai wanki. Ashe kakanta yana magana! Kuma da harshen da ita ma ta iya! Ta rugo da murna, ta tsaya gabansa, ta riƙe ƙugu, ta zuba masa duk Fanjabin da ta sani:

"Kai! Zo nan! Kurma ne kai? Ɗauke wannan, maza! Malalaci kawai!"

Ta tsaya tana jiran yabo. A gidan nan ba a taɓa yin Fanjabi ba sai in uwarta za ta aiki mai aiki ko ta zage shi, to abin da kunnen yarinya ya tsinta ke nan. Mai wanki ya sunkuyar da kai. Karmu ya duƙa ya ɗauke takalmin da ta nuna.

Da yake ba ni labarin har da 'yar dariyarsa. "Yaya Nuran, kin ji yadda take fitar da kalma? Sak Rajjo. Harshen yana jininta."

Wallahi da itacen wuta ne a hannuna da na rotsa masa kai. "Jikarka ta kira ka malalaci kana yi mini washe baki? Ba laifinta ba ne. Kun ba ta shara, kun ɓoye mata hatsi. Ka faɗa wa ɗanka?"

"Yana da gajiyar aiki."

"Ka gaya mata abin da kalmomin suke nufi?"

"Na yi alkawari."

Alkawari! Ni ban ga alkawarin da ya fi ƙarfin jika ba, amma Karmu ya riƙe nasa kamar da shi za a auna masa aljanna. Daga nan ya fara lalacewa. Ko a Jhang ya rage waƙa. Tukunya tana tafasa shiru, shi ma shiru. Masu saye suka koma wa yadin kanti mai launin inji, bai ko yi musu tsiya ba.

Da ciwon ƙirji ya kwantar da shi, Tanwir ya zo da iyalinsa zai tafi da shi asibiti a Lahor. Sadaf ta ƙi fitowa daga mota saboda ƙudaje. Yarinyar kuwa ƙamshin gurasa ya jawo ta rumfata. Ni ba ni da Urdu, ba ni da Turanci, kuma ban yi wa kowa alkawari ba. Na ce, "Zo nan, 'yar gwal, zauna kusa da kakarki." Ta zaro ido. Ba ta taɓa jin an kira mutum da daɗi cikin harshen nan ba. Na tsaga mata gurasa mai zafi, na shafa man shanu, tana ci tana nuna abubuwa ina faɗa mata sunansu, tana maimaitawa.

Aka fito da Karmu a rirriƙe, an cusa shi cikin wandon nan da yanzu ya yi masa yawa. Na shiga ɗakinsa ba sallama, na ɗauko rawanin daga ƙusa, na ɗora masa a ka. Tanwir ya fara, "Inna, ai asibitin..." Na ce, "Rufe mini baki, ni na yanke maka cibiya." Na tura yarinyar kusa da kakanta a kujerar baya, na sunkuya ta taga na faɗa masa abin da zan faɗa.

Bai dawo da ƙafarsa ba. Ranar addu'ar uku, dattawa suka naɗa wa Tanwir rawanin uban kamar yadda aka saba, ya tsaya ƙiƙam cikin kwat, rawani a karkace, wani yana ɗaukar hoto da waya. Ana shafa fatiha ya tuɓe shi ya miƙa wa direba. Sadaf kuwa ranar ta sha shalwar, wandonmu na gargajiya, da gyale mai aikin hannu irin na ƙauye, wai yanzu shi ake yayi a Lahor. Abin da suka hana tsoho sawa da rai, ga shi sun mai da shi kwalliya.

Ina zaune cikin mata ina cin raina, sai na ji an ja mini gyale. Mahnur ce. Ta kawo bakinta kunnena ta rera mini waƙar tukunya, wadda Karmu yake yi in zai tsoma fari a shuɗi, tun daga farko har inda yake tsayawa ya yi tari. Ta ce a gadon asibiti ya koya mata, duk lokacin da babanta ya fita sayen magani. Ta kuma tambaye ni ko aljanin nan ya mayar da 'yar mai jirgi gida, don Kaka bai kai ƙarshe ba.

Ashe ya ji. Ga abin da na ce da shi ta tagar mota:

"Karmu, ka yi wa ɗanka biyayya har ka ƙare. In ka mutu da bakin nan a rufe, abin da yarinyar nan za ta sani na harshen uwarka zagi ne kawai, kuma da shi za ta tuna ka. Buɗe baki ka yi mata magana, tsohon banza, tun kana da numfashi."