Abin da Wadud Ya Ɗanɗana a Salaga

Wadud ɗan kasuwar albasa ne a Bawku, mai bakin da ko buhu ya fara ruɓa sai ya sayar maka kana godiya. Wata shekara ya kai kaya kudu, a hanyar dawowa ya yada zango a Salaga. Nan wani tsohon malamin ɗariƙa ya shigar da shi halwa, shi kaɗai a ɗaki yana zikiri. Can ciki wani abu ya sauko masa. Ya nemi kansa ya rasa, ba yunwa, ba tsoro, sai daɗi da hawaye. Da ya fito malamin ya ce, "Abin da ka gani, ka kama bakinka."

Ina, bakin da ya saba talla? Yana isa Yendi ya zazzage wa amininsa Mutala mahauci komai a rumfarsa ta nama.

Mutala yana wasa wuƙa ya ce, "Baƙo ne wannan. Zai kwana ya wuce."

"Wanda ya isa ya isa," in ji Wadud. "Jariri ba ya komawa ciki."

Musun nan suka riƙe har furfura. Duk sanda motar albasa ta tsaya a Yendi, sai a ɗora daga inda aka kwana. Abin takaicin, tun a rumfar naman nan daɗin ya tafi. Wadud ya ja carbi har yatsunsa suka yi kanta, shiru kake ji. Ya koma Salaga, ya tarar malamin ya rasu, ɗakin halwar an jibge doya a ciki. Amma ya ce wa mahauci ka yi gaskiya? Gara ya haɗiyi garwashi. Haka ya riƙa zama a zikirin Juma'a a Bawku, ido rufe, zuciya fayau, mutane na rububin taɓa hannunsa don neman albarka, shi kuwa yana jin haushin kansa.

Bara ciwo ya kwantar da Mutala. Wadud ya je dubiya, ya same shi ya rame ya ƙanjame. Mutala ya kama hannunsa ya ce, "Malam Wadud, tsakaninka da Allah, abin nan na Salaga yana nan?"

Wadud ya ga bai dace a yi wa mai shirin tafiya ƙarya ba. A ransa ma kyauta zai yi masa, ya tafi da nasara.

"Kai ka ci musu, Mutala. Tun ranar da na gaya maka ya tafi."

Mutala ya saki hannun. "Ka cuce ni. Wa ya ce maka so nake in ci? Ni ban taɓa ɗanɗana komai ba, sai jini da ƙudaje. Tsokanarka nake don in ji ka ce yana nan. Da wannan maganar nake shirin shiga kabari."

Ya juya fuskarsa bango, bai sake juyowa ba har Wadud ya tashi.