An Kulle Rijiyar Malam

Jama'a, yau an sa wa rijiyar gidana kwaɗo! Surukata ke rubuta muku, ni ke faɗa, hawaye sun ƙi tsayawa.

Da hantsi sai ga duba-gari biyu daga ƙaramar hukuma, waɗanda suka ɗebi ruwanta a kwalba kwanan baya. Babbansu ya ce, "Inna, mun auna. Ƙazantar jujin bayan gidanki na tsatsafowa cikinta. Ita ke sa yaran unguwa gudawa."

Innalillahi! Rijiyar da marigayi Malam ya haƙa sadaka, rabin unguwarmu a Yelwa nan suke ɗiba!

Duba-garin ya ce za su haƙa mana burtsatse nesa da juji, kyauta. Maƙwabta suka hau murna, har da guɗa.

Na ce, "Ɗana, ai duk wanda ya sha ruwan nan, lada na isa kabarin maigidana. In kun rufe, wa zai kai masa?"

Ya dubi abokinsa, ya sosa ƙeya. Ya ce, "Inna, wallahi wannan ba a hannun ofishinmu yake ba."

Suka ɗora murfi, suka sa kwaɗo, suka tafi. Har yanzu gugan Malam na hannuna a jiƙe.