Sun Ce Ba Mai Riƙe Mata Aiki: Ta'aziyyar Sista Jael Rufus

A ranar Talata, 18 ga watan Fabrairu na shekarar 2025, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran Sista Jael Rufus a nan birnin Doha. Nas ce, 'yar asalin Billiri ta jihar Gombe, ta kuma faɗi ne a bakin aikinta, a wani gidan kula da tsofaffi mai zaman kansa da ke unguwar Ain Khaled. Ni Surajo, direban motar gidan, ni na tallabe kanta har motar asibiti ta iso. Ba zan ambaci sunan gidan ba. Har yanzu a can nake neman abincina, sannan ban ga dalilin da zai sa sunansu ya zauna a layi ɗaya da nata ba.

Sista, ranar da na fara aiki a gidan nan ban san kowa ba, Larabcin ma ban iya ba. Ina zaune a inuwar mota na ji an ce, "Ɗan'uwa, daga wane gari?" Na ɗaga kai na gan ki cikin fararen kaya. Da na ce Gumel, ba ki tambaye ni komai ba sai ko na ci abinci. Washegari kika zo da tuwo da miyar kuka a kula, daga ɗakin da kuke haya ke da abokan aikinki a Fereej Abdel Aziz. Tun daga ranar kike ce mini ƙanina. Ke Kirista ce, amma duk azumi sai kin dama kunu kin aiko mana, mu direba da masu gadi, kina cewa a sha ruwa da abin gida.

Wanda ya shigo gidan nan ta ƙofar gaba zai rantse ya shigo otal. Ƙasa tana sheƙi, ga turaren wuta, ga furanni, ga hotunan tsofaffi suna dariya a bango, tsofaffin da ba mu taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu ba. A nan mudir, wato shugaban gidan, yake tarbar 'ya'yan masu kuɗi da gahawa da dabino, yana shaida musu cewa iyayensu sun shigo hannun ƙwararru. Turaren ba ya hawa bene. A sama zarnin fitsari ne ke tarbar mutum, da ƙarar ƙararrawar da tsofaffi ke dannawa har yatsunsu su gaji. Hawa guda cike da masu shanyewar jiki da masu ruɗewar tsufa, an bar wa nas ɗaya da mataimaka biyu. Idan ɗaya ta ajiye aiki ba a kawo wata, sai a raba aikinta a kan waɗanda suka rage, a kuma kira taro a yaba musu da juriya.

A wannan hawan na ga abin da kika yi wa Alhaji Lado. Dattijo ne ɗan Sudan da ya yi shekaru yana koyarwa a ƙasar nan, tsufa ya cinye masa tunani. Ya daina cin abinci, yana ture kwano, yana surutun da ba wanda ya gane. Hukumar gidan ta yanke cewa mai taurin kai ne, a ƙara masa maganin barci, domin tsoho mai barci ba ya bukatar ma'aikaci. Ke kika zauna a gefen gadonsa kika saurara, sai kika ji Hausa yake yi. Ashe kakanninsa daga ƙasarmu suka tashi za su aikin hajji, suka zauna a Sudan. Larabci ya gudu ya bar shi da harshen da kakarsa ta rene shi da shi. Kika ce masa, "Baba, ina kwana?" Ya daɗe yana kallon ki, sannan ya tambaye ki ko an dama koko. Kika dama a ɗakinki kika kawo, ya shanye. Daga nan idan zan kai shi asibiti sai ki ce in riƙa yi masa hira da Hausa a hanya. Ya riƙa ba ni labarin wata rijiya da wata akuya tamkar jiya aka yi abin. Da ɗansa ya zo ya ga uban ya murmure, mudir ya tsaya a gabanki ya ce wannan sakamakon sabon tsarin abincin gidan ne. Ke kuwa kika ci gaba da goge wa Alhaji baki.

Inda kika ƙi yin shiru shi ne a kan Hajiya Nafeesa, wata tsohuwa da ke hawan. Ba ta iya juya kanta a gado, ba kuma hannun da zai juya ta a kan lokaci, har bayanta ya zama gyambo. Kika je ofis kika faɗa wa mudir a gaban mutane cewa wannan ciwon ba tsufa ya kawo shi ba, rashin ma'aikata ne. Ya yi murmushin nan nasa, ya ce kamfani yana duba lamarin, ya kuma tuna miki cewa kamfanin ne kafil ɗinki, wato mai ɗaukar nauyinki a ƙasar, takardun zamanki a hannunsa suke. Irin jarumtarsa ke nan, ya tsorata mace da tikitin komawa gida saboda ta ce a juya tsohuwa.

Ma'aikatan da aka ce babu, sai ga su ranar da masu bincike za su zo. Ni aka aika da sassafe na kwaso 'yan mata daga wani kamfanin haya a Al Wukair, aka sa musu sababbin riguna, aka jera su a bakin ɗakuna. Ba su san sunan tsoho ko ɗaya ba. Aka fesa turare har sama, aka lulluɓe Hajiya da sabon bargo. Kafin azahar masu bincike sun tafi, aka karɓe rigunan, na mayar da 'yan matan inda na ɗauko su. Da na dawo na same ki ke kaɗai kina wanke gyambon, kina ba Hajiya haƙuri kamar ke kika yi mata laifin.

'Ya'yan tsofaffin nan ma ba zan wanke su ba. Akwai na kirki a cikinsu, amma da yawa suna zuwa ranar Juma'a cikin ƙamshi, su sumbaci goshin uwa, su ɗauki hoto, su fita kafin shayi ya huce. Ba wanda ya taɓa ɗaga bargo ya duba. Sun biya, a ganinsu hakki ya sauka.

Tun farkon shekarar nan kike fama da ciwon kai. Ke nas ce, kin san hawan jini ne, kin kuma san abin da yake yi. Kika nemi hutun kwana ɗaya ki ga likita, aka ce babu mai riƙe miki aiki, ki bari sai wata mai zuwa. Kika sake nema, mudir ya ɗaga hannu ya ce khalas, maganar ta ƙare. Na ce miki ki shiga mota kawai in kai ki, duk abin da za su yi su yi. Kika ce, "Ƙanina, idan na tafi wa zai juya Hajiya? Bari Felicia ta dawo daga hutu." Felicia abokiyar aikinki ce, kuma ta dawo ta tarar ba kya nan.

Ranar Talatar, injin da ake ɗaga marasa lafiya da shi ya daɗe da lalacewa, ana ta alkawarin gyara. Mataimakiya ɗaya ta raka wani tsoho asibiti, ɗayar tana ba mutane abinci. Ke kaɗai kika ɗago wani dattijo mai jiki daga wurin wanka. Mai shara da ta gani ta ce sai da kika zaunar da shi a keken guragu, kika ja masa tawul ya rufe jikinsa, sannan kika zame kika zauna a ƙasa. Da na hau da gudu bakinki ya riga ya karkace. Kina nuna keken da hannu, sai daga baya na gane so kike a taka masa birki kada ya gangara.

Da motar asibiti ta iso, abin da ya dami mudir shi ne akwai baƙi a falo. Ya ce a fitar da ke ta ƙofar baya, inda ake fitar da shara da kayan wanki. Ta nan aka fitar da ke, Sista. Ba ki kai magariba ba.

Washegari suka turo wa ma'aikata saƙo a waya cewa gidan ya yi rashin 'yar uwa, domin mu duka iyali ɗaya ne. Ko sunanki ba su rubuta daidai ba. Furen da suka aika coci ranar addu'arki, ni na ɗauko shi daga kan teburin falo bisa umarninsu, ya riga ya fara yaushi. Mudir bai je ba, an ce yana da taro. Waɗanda suka cika wurin su ne nas-nas ɗinmu da masu gyaran na'ura, da mu direbobi da masu gadi da muka tsaya a waje cikin rana. Su ne kuma suka yi ta zirga-zirgar takardu har gawarki ta hau jirgi zuwa gida.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki Malam Rufus, da 'ya'yanki Tracy da Prosper, waɗanda kika rena ta waya kina wanke iyayen wasu. Ku sani mahaifiyarku ba ta taɓa ɗaga wa tsoho murya ba, ba ta kuma taɓa barin wani cikin ƙazanta don ta gaji ba. Ina yi wa mahaifiyarki da ke Billiri ta'aziyya, da Felicia, da dukan 'yan Najeriya mazauna Doha. Hukumar gidan kuwa ba ni da ta'aziyyar da zan yi mata, domin ba ta yi rashi ba. Tun kafin a binne ki aka ɓamɓare sunanki daga akwatin ajiye kayanki, har yau kuma ba a ɗauki kowa a gurbinki ba.

Allah mai jinƙai ya dube ki da rahamarsa, ya saka miki da alherin da kika yi wa bayinsa masu rauni. Allah ya ba iyalinki haƙuri, ya raya abin da kika bari. Allah ya kawo wa tsofaffin da ke saman benen nan mai tausayinsu. Mu kuma da ke tsufa a ƙasar mutane, Allah ya mayar da mu gida da ƙafafunmu. Ki huta, Sista Jael, yau ba mai hana ki.