Wurin Zaman Baba Ɗanjimma

Har gobe ban manta da ranar da idona ya faɗa kan akwatunan nan a kasuwar Sabon Birni ba. Na ƙarfe ne, shuɗɗa, an zana musu furanni, murfinsu mai doro kamar na lefen amarya. Shekarun fari ne, ina ƙaramin ma'ajin kaya a sashen haƙa rijiyoyi a Isa, kaina cike da labaran soyayya. An aike ni sayo akwatunan abinci da kayan aiki na rangadin sati uku, don a mota muke rayuwa, inda aiki ya tsaya nan za mu yada zango. Na kwaso huɗu ina murmushi.

Da aka zo lodi a bayan a-kori-kura, sai asirina ya tonu. Mai doro ba ya hawa kan mai doro. Suka baje suka cinye wuri, ga jarkokin ruwa da ba a isa a rage ba. Shugaban tawaga ya ce dole a bar mutum ɗaya, ya nuna Baba Ɗanjimma, tsohon mahaƙi, wanda in bai bi rangadi ba gidansa ba shi da rabon hatsin da ake ba masu aiki.

Baba ya dube ni ya ce, "Ango, kai ka haɗa lehe, ni aka kora. Mi za ni ce ma iyali?"

Na ce wa shugaba, "Ranka shi daɗe, a ba ni kwana biyu."

Ya ce, "Jibi da hantsi mota za ta tashi, ko da kai ko babu kai."

Na auna bayan motar da igiya, na ƙulla alama a tsawo da faɗi da tudun taya. Mai akwatuna ya ƙi musanya. Na kai wa maƙeri, ya cire murafun ya yi ta dukan doron har ya kwanta, furannin suna ɓarɓashewa ina kallo. Ban ɗaga ba sai da biyu suka zauna daram kan biyu. Muka ɗaure, aka shimfiɗa buhu a gefe, Baba ya hau.

Ƙannena, kafin ku taya akwati, ku auna mota, ku ƙirga mutanen da za ta ɗauka.

A wannan rangadin, a garin Gangara, Baba ne ya sauka cikin rijiyar da muka fidda rai da ita, ya ci gaba da sara har laka ta fito. Mutanen garin suka yanka masa gona, ya kwaso iyalinsa. Can ya ƙarasa rayuwarsa, can aka binne shi.