Telan da ya kai wa likita awo

Shekara goma sha ɗaya ke nan Tela yana haya a shagon da ke ƙofar gidana. Marigayi maigidana ne ya ba shi, tun yana da keken ɗinki ɗaya da bencin aro. 'Yan unguwa Sai Jibi suke ce masa, don amsar da mai karɓar kaya yake samu ke nan. Ni Tela nake ce masa, shi kuma ya ce mini Inna. Yawancin cinikinsa kayan 'yan makaranta ne, yana da wata makaranta da take ba shi ɗinki duk shekara.

Bara 'yarsa ta rasu, mai shekara shida, zazzaɓin kwana uku. Bayan zaman makoki ya buɗe shago, amma na lura ƙarar keke ta ragu, har ta ɗauke. Makarantar ta kawo yadin yara arba'in, yana nan a jingine da ledarsa. Shugabar ta aiko cewa in wata ya ƙare bai fara ba, za ta kwashe ta kai wa wani.

Wata Talata da hantsi ya yi sallama, sanye da kayansa na fita.

"Inna, aron ɗaki na zo. Na awa ɗaya. Likita zan gani."

"A ɗakina?"

"A waya. Likitar damuwa ce. Ƙanwar matata ta samo mini. A gida bangonmu da kunne, a shago kuwa kin san 'yan benci."

Na buɗe masa ɗakin marigayi, na koma tsakar gida da carbina. Ban kasa kunne ba, Allah ya sani, amma na yi ta mamakin wace irin likita ce ba ta taɓa goshi, ba ta rubuta magani.

Da ya fito na ce, "Nawa ake biya?"

Ya faɗa. Na ajiye carbi.

"Na zama huɗu ne. Kekena na biyu na sayar. Kuma Inna, ba wanda za ka yi ciniki da shi. An rubuta farashi, ka tura, ko ka bari. Ni da nake karɓar rabi a fara aiki, ni aka sa na biya duka."

"To me ta ce?"

"Na ba ta awo."

Ya nuna mini littafin da yake rubuta awon mutane. A shafin ƙarshe ya jera: barci awa uku, abinci sau ɗaya, rawar hannu in an ɗauki almakashi, nauyin ƙirji da safe. Ya karanta mata tsaf, ya rufe littafi, ya tambaye ta ranar karɓa. A wurinsa haka aiki yake. Mai kaya ya ba da awo ya biya, ya tafi harkarsa, ya bar mai sana'a da sana'arsa.

"Sai ta ce wai in ba ta labarin yarinyar. Na ce ai ba ya cikin awon."

Talata ta biyu ya fito yana tsaki.

"Wai aikin tare za mu yi. Inna, kin taɓa kawo mini yadi, kika biya, na ce hau keke ki taka?"

"Da na hau ai da na samu kayana da wuri."

Ya yi dariya, ta farko da na ji daga bakinsa tun rasuwar. Amma Talata ta uku ma haka ta wuce. Ya ce shi shiru, ita shiru, yana kallon agogon wayar yana ganin kuɗin kekensa yana tafiya kaɗan-kaɗan. Ya nemi a mayar masa da kuɗin zama na huɗu, aka ce ba a mayarwa.

Ni ban yi karatu mai nisa ba, amma na daɗe ina kallon mutumin nan. In ya zauna hannu a cinya, daga gaisuwa sai "mun gode Allah". In kuwa akwai allura a hannunsa, har abin da ba a tambaye shi ba faɗa yake. Labarin rasuwar uwarsa ma yana ɗaura maɓalli ya ba maigidana. Don haka Talata ta huɗu, da zai shiga, na miƙa masa tsohon hijabina da bakinsa ya warware, da zare da allura.

"Ka kama mini wannan kana ciki."

"A gaban likita?"

"Ka tambaye ta. In ta hana, ka ajiye."

Ba ta hana ba. Ya fito idonsa ja, ya zauna a bakin ƙofa, har yanzu yana ɗinkin, bai ɗago ba.

"Na gaya mata, Inna. Yarinyar ta zaɓi wani yadi mai furanni a shago. Wata biyu tana zuwa tana tambaya, ina ce mata abin da nake ce wa kowa. Na yanka ban haɗa ba. Ko uwarta ba ta san yana nan ƙarƙashin tebur ba."

Na ce, "Allah ya jiƙanta, ya sa mai ceto ce." Na san wannan nauyin. Ni ma akwai abin da maigidana ya roƙe ni na ce gobe.

"Likitar ta ce me?"

"Ta ce yanzu muka fara. Kin ji fa, bayan kuɗina sun ƙare."

Washegari ya je wurin shugabar makarantar, ya gaya mata gaskiyar halin da yake ciki, ya roƙi mako biyu da rabin kuɗin aiki. Ta ba shi. Daga ciki ya biya zama biyu, ya ce sauran sai ya ga hali. Ranar Alhamis ya farke ledar yadin. Ya ɓata hannun riga ɗaya, ya sake. Kafin la'asar ya yanka na manyan yara bakwai.

Na 'yan aji ɗaya kuwa, tsarar 'yarsa, ya naɗe ya kai wa wani abokin sana'arsa a bayan layi. Ya ce mini waɗannan ba bana ba.